Kuɗin ƙungiya sun maƙale a hannun wani: caji ofis, kotu, ko zaman sulhu?

Shekara huɗu na yi ina riƙe da littafin wata ƙungiyar masu fataucin albasa a nan Sakkwato. Ni ne sakatare, ni ke rubuta abin da anka tattauna a mitin, ni kuma ake turawa wurin lauya in ta ɓaci, ba don komai ba sai don an ce na yi boko. Ni ba lauya ba ne, amma bencin kotu ya san ni, kuma abin da har yau ke ɗaure min kai shi ne, mutumin da zai dubi buhu daga nesa ya ce maka wagga ta Goronyo ce waccan ta Aliero, ya cusa hannu ya gane an yi ciko da ruɓaɓɓiya a tsakiya, shi ne dai zai loda kayan miliyoyi a tirela ya tura Legas babu ko layi ɗaya a rubuce. Ka yi magana ya ce amana ce. To amana ce kam, ita ta riƙe kasuwannin ga tun kakanni, daga Illela har Achida, amma ranar da ta karye sai ka ga dattawa masu furfura suna zagaya gari ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Tamu ta karye ne wani rani da albasa ta yi arha a kasuwar Ramin Kura. Munka haɗa lodi biyu munka tura wa wani kamfani a Legas mai kai wa otal-otal kayan miya. Sun biya kashi ɗaya cikin uku, saura sunka ce sati biyu, sati biyu ya zama wata biyu, daga nan labari ya canza, wai rabin kayan a ruɓe sunka isa. Mutum goma sha bakwai ke da kaya a lodin nan, wasu ma bashi sunka ɗauko hannun manoma a Wurno da Kware, kullum ana yi musu sallama a ƙofar gida.

Munka tafi ofishin lauya ni da shugabanmu, da baƙar leda ɗauke da hujjojinmu: waybil biyu da man ja ya taɓa, falle ɗaya da anka yago daga littafin makaranta mai lissafin buhuna, sai wayar Alhaji mai tsagaggen gilashi. Alhaji bai ko gama zama ba ya ce shi a rubuta wa 'yan sanda kawai, a je a ɗauko manajan nan da ankwa a kawo shi Sakkwato. Lauyan ya bar shi ya sauke abin da ke cikinsa, ya tura masa ruwan leda, sannan ya ce, "Alhaji, Allah shi ba ka nasara, tambaya huɗu gare ni. Wa ka bin bashin ga? Wa kuke bi? Mi kunka rubuta? In kuma kun ci shari'a, ina za ku kama kuɗɗin?" Alhaji ya ce, "Haba Barista, wagga wace irin tambaya ta? Mu ka bi mana, ƙungiya." Ya ce to ina satifiket ɗin rajista. Shiru. Muna da hatimi, muna da kalanda mai hoton shugabanni, muna da asusun banki da sunan ma'aji, rajista ce kawai babu.

Bari in fara kawar da maganar caji ofis tunda can ƙafa ke fara kai mu. Doka ta hana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 a sashe na 32 ta ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ma haka ta ce a sashe na 8, Kotun Ƙoli kuma ta sha nanata cewa 'yan sanda da EFCC ba 'yan karɓar bashi ba ne. Na san za ka ce ai ana yi kuma kuɗi na fitowa. Ana yi, wani lokaci ma cikin kwana biyu, amma wanda anka tsare in ya samu lauya mai ido, gobe zai shigar da ƙarar tauye masa haƙƙi, ya haɗa kai mai ƙorafi da 'yan sandan, kotu ta ce a biya shi diyya, ka ga mai bin bashi ya koma ana binsa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Inda laifi ke shigowa daban ne: wanda ya zo da niyyar damfara tun farko, ko ma'ajin da anka ba amana ya cinye, ko wanda ya ba ka cek ya san asusun wayam ne, shi wanga dokar 1977 ɗaurin shekara 2 ta yanka masa babu zaɓin tara. Amma "na karɓi kaya, kasuwa ta juya, ban biya ba" bashi ne, ba laifin ɗauri ba.

Tambayar farko ta lauyan nan ita ce wadda ba ta taɓa zo mana a rai ba. Kotu mutum iri biyu ta sani, ɗan Adam mai rai da wanda doka ta ƙirƙira. Kamfanin limitad mutum ne a idon doka, yana kai ƙara ana kai shi, yana mallakar shago da mota da sunansa. Ƙungiyar da ta yi wa amintattunta rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ita ma ta samu wannan matsayi, haka ƙungiyar gama kai da ta yi rajista a hukumance. Amma ƙungiya mai allo da hatimi kawai, taron jama'a ce, in ta shigar da ƙara da sunanta lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe da murmushinsa ya ce mai ƙarar nan babu shi a duniya, a kori ƙarar, kuma za a kora. Kada ma ka ji kunya, a 1989 a shari'ar marigayi Gani Fawehinmi ita kanta ƙungiyar lauyoyi ta NBA Kotun Ƙoli ta ce mata ba ta da wannan matsayin. Lauyoyi fa! Mafitar irinmu ita ce mutum biyu ko uku su shiga da sunayensu a madadin sauran, sauran kuma su sa hannu sun yarda.

Sai ka juya ka dubi wanda kake bi. Rajistar sunan kasuwanci, irin su "Wane da 'Ya'yansa Entafiraiz" ɗin nan da ke cike da gari, ba kamfani ba ce, riga ce kawai mai shago ya sa, bashin shagon bashinsa ne har gidansa da gonarsa. Wanga da daɗi in kai ke bi. Limitad kuwa akasin haka yake, za ka ga mutum da jif da gida a Abuja, amma da kamfaninsa ka ƙulla ciniki ba da shi ba, kamfanin kuma ba shi da komai sai tebur biyu da firinta, to tebur biyu da firinta kake bi. Shi ya sa lauya mai hankali zai ce in za ku ba kamfani kaya masu nauyi bashi, darakta ya sa hannu a takarda ta daban cewa ya lamunce da kansa. Layi biyar ne, bai ma cika shafi ba, amma na ga waɗanda rashinsa ya bar su da takardar hukunci a cikin diro, babu ko sisi.

Wace kotu kuma? Nan ne za ka gane dalilin da ya sa ake ce wa shari'a saɓanin hankali. A garin ga kaɗai akwai kotunan Shari'a, ga majistare, ga Babbar Kotun Jiha, ga Babbar Kotun Tarayya, ga kotun ma'aikata, ga Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Sakkwato da ke karɓar na Kebbi da Zamfara, kowace da gonarta. Bashi da saɓa yarjejeniyar ciniki na Babbar Kotun Jiha ne bisa sashe na 272 na tsarin mulkin 1999, ko ta ƙasa da ita in kuɗin ba su da yawa. Rigimar cikin gidan kamfani, wa ke da hannun jari nawa, wa ya cire wa daga darakta, wannan sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya, tare da maganar kwastan. Ma'aikacin da kunka sallama kuma kotun ma'aikata zai kai ku. Ka ɗauki abin da ke faruwa kullum a gidajenmu: Alhaji ya rasu ya bar kamfani da 'ya'ya ɗaki uku. Rabon gadon na kotun Shari'a ne, amma wa zai zama darakta da yadda za a sauya sunayen masu jari, wannan wata kotu ce daban, sai ka ga gida ɗaya na shari'a a wuri biyu, shago a kulle, kaya na lalacewa. In kuwa ka kuskure ƙofa, ko shekara nawa kunka yi, ko shaidu nawa sunka rantse, ranar da anka gano kotun ba ta da hurumi komai ya rushe, kuma maganar hurumi ko a Kotun Ƙoli ana iya tayar da ita karon farko.

Mutanenmu sun fi sakin jiki da kotun Shari'a, kuma da dalilinsu. Da Hausa ake yi, alƙali na jin ka baki da baki, ƙa'idar kuma tun a zaure anka karanta ta, hujja kan mai da'awa rantsuwa kan wanda ya musa. Tsakanin 'yan kasuwa biyu Musulmi na gari ɗaya ni ma ita zan fara nuna wa mutum. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, ciniki da bashi ba su ciki, a 2000 ma a shari'ar Magaji da Matari Kotun Ƙoli ta ce ko rigimar mallakar fili ba ta ciki. To sai a ci shari'ar bashi a ƙasa, a ɗaukaka zuwa wurin su Ƙadi, a sake ci, a je sama a ce ba can ya kamata a bi ba, a koma baya. In kuma abokin rigimar ba Musulmi ba ne, sai da yardarsa. Namu ga shi kamfani, ga shi a Legas, sammacin da zai fita jiha ma sai an yi masa wani rubutu na musamman a jiki, in an manta shi ma abin faɗa ne. Ƙananan abubuwan ga su ke kashe shari'a. A 2007 Kotun Ƙoli ta watsar da takardu don kawai an sa musu hannu da sunan ofishin lauya maimakon sunan lauyan kansa, ƙararraki da yawa sun bi ruwa a kan wannan kaɗai.

Maganar rubutu kuwa abin kunya ne a ce sai lauya ya tuna mana, a garin Shehu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan bashi take, ta ce a rubuta a kafa shaidu, amma mu mun mai da neman rubutu kamar zagi, "ashe ba ka yarda da ni ba?" Mu dai wayar Alhaji ta cece mu. Cikin tarin saƙon murya akwai wanda manajan ya turo ranar da kaya sunka isa, da Turancinsa yana cewa sun sauke, kaya sun yi kyau, sun gode, sai bayan sati bakwai ya fara maganar ruɓa. Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 84 ta yarda da abin da ya fito daga waya ko kwamfuta, WhatsApp ne, alat na banki ne, imel ne, in dai an haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da yadda anka ciro shi. Lauyan ya saurara sau biyu, ya juya wayar a hannunsa ya ce, "Alhaji, wagga waya ta hi tirela tsada yanzu. Kada ka ba ɗiya su yi gem, kada ka sai da ta, kada ka goge komi." Na san wanda littafin bashinsa na shekaru ya ƙone a gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021, masu tsoron Allah ne kawai sunka zo sunka biya shi.

Kuma ba wani dogon Turanci ake buƙata ba. Buhu nawa, nawa nawa, yaushe za a biya, wa ke biyan direba, kaya in sun lalace a hanya asarar wa ce, awa nawa mai saye ke da su ya duba ya yi ƙorafi, in hanya ta rufe yaya za a yi. Wanda ya ga rikicin kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021 da tsayar da kai kayan abinci kudu da ya biyo baya, ya san rufewar hanya ba tatsuniya ba ce. Ka kuma sani bashi ba ya ruɓewa a wurin Allah amma a Babbar Kotu yana ruɓewa, dokokin jihohi sun sa wa'adi, shekara 5 ko 6 gwargwadon jiha, kawaici ya wuce nan ƙofa ta rufe. In dai ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani abu a ciki, lissafi ya koma farko.

In kuɗin sanannu ne kuma hujja a fili take, akwai gajeruwar hanya. Lauya ya fara rubuta wasiƙar neman biya da wa'adi, wasu nan ma suke miƙa wuya. In ba su yi ba, a shigar da ƙarar a jerin waɗanda ba su da abin karewa, a haɗa rantsuwa da takardu, wanda ake ƙara in bai nuna wa alƙali wata kariya mai ma'ana ba a yanke hukunci ba sai an kira shaidu ba. Legas a 2018 da Kano a 2019 sun buɗe kotunan ƙananan basussuka, har naira miliyan 5, da burin gamawa cikin kwana 60, jihohi da dama sun bi sahu. Rigima da banki kan cire-ciren kuɗi kuma a fara rubuta wa bankin, in ya yi kunnen uwar shegu a kai sashen kare kwastomomi na Babban Bankin Najeriya, CBN, kyauta ne.

Tambaya ta huɗu ita ce mai ɗaci. Hukunci ba kuɗi ba ne, takarda ce. Ka ci a Babbar Kotu ya ɗaukaka, ya nemi a dakatar da zartarwa, a je Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wuce Abuja, shari'ar ciniki ta shekara goma ba abin mamaki ba ce a ƙasar ga. Yanzu ka lissafa. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi a shekarar ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Miliyan goman da kake bi tun kafin nan, yau buhu nawa za ta saya? Kotu kan ɗora ruwa kan kuɗin hukunci, galibi wajen kashi 10 a shekara, bai ko kama ƙafar hauhawar ba, da yawan 'yan kasuwarmu kuma ba za su taɓa shi ba don riba ce. Ka ga jinkiri mu yake ci sau biyu, mai cin bashin kuma ya san haka, shi ya sa ɗage zama ke yi masa daɗi. Makamin da ya fi aiki shi ne ganishi, wato kotu ta umarci bankin da kuɗinsa suke ya riƙe su ya miƙo maka, don haka duk lambar asusun da ya taɓa turo maka kuɗi da ita ka adana. 'Yan kwangila masu bin gwamnati kuwa nasu ya fi wuya, dokar zartar da hukunci a sashe na 84 ta ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a kama su sai da yardar Antoni Janar. Ka je ka roƙi lauyan wanda kake bi ya ba ka izinin kama kuɗin maigidansa.

To shi ya sa ni a ganina, taimakon lauya mafi amfani ga ƙungiya ko ƙaramin kamfani ba a gaban alƙali yake ba, wurin ɗaure sulhu yake. Sulhu ai namu ne, ba wanda zai koya mana. Sarkin kasuwa na yi, shugabannin 'yan kasuwa na yi, a kara dillalai da fatoma na yi tun kafin a san kotu, liman na yi, kuma suna da abin da alƙali ba shi da shi, sun san farashin ranar, sun san halin kowa, wanda ya ƙi jin maganarsu gobe ba mai ba shi kaya. Raunin abin ɗaya ne, ana tashi da fatiha ba a tashi da takarda. Wata uku mutum ya ce shi ba haka ya fahimta ba, dattijon da ya raba kuma ya tafi Umara ko ya riga mu gidan gaskiya. Kotunan Najeriya sun yarda da hukuncin irin wannan zama, tun shari'ar Agu da Ikewibe a 1991 ake kafa hujja da shi, amma sai ka nuna duka biyun sun zo da ƙafarsu, sun yarda abin da anka yanke zai hau kansu, an yanke an kuma bayyana. Da me za ka nuna in ba a rubuta ba?

Dokar sasanci da tahkimi da Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayun 2023, kwana uku kafin ya sauka, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ƙara wa wanga hanya ƙarfi. Abu biyu ne a ciki kuma mutane na cakuɗa su. Sasanci shi ne mai shiga tsakani ya taimaka ku daidaita da kanku, ba ya yanke komai, amma abin da kunka sa wa hannu ya zama dole, ana iya kai shi kotu a zartar, kuma lokacin da kuke zaman wa'adin kai ƙara ba ya tafiya. Tahkimi kuwa ku ne za ku zaɓi mai hukunci, ya saurara ya yanke, in ya yanke ba a ɗaukaka ƙara don kawai ba ka ji daɗi ba, sai in akwai babban aibi kamar rashin ba ka damar kare kai, shi ma cikin wata uku. In kunka rubuta tahkimi a yarjejeniya, ɗaya ya ruga kotu, kotu za ta dakatar ta ce ku koma inda kunka yi alkawari. Sabuwar dokar ta ce in ba ku faɗi adadi ba mai hukunci ɗaya ne, da can uku ne, wannan kaɗai ragin kuɗi ne babba. Wasu manyan kotuna ma sun buɗe zauren sasanci a cikin harabarsu, Legas ta fara a 2002, Kano a 2009.

Amma kada a ruɗe ka, tahkimi ba na kowa ba ne. Alƙalin gwamnati albashi yake ci, mai tahkimi ku za ku biya shi, ku biya ɗakin zama, ku biya lauyoyi. Kan bashin miliyan uku wannan sayen doki ne don zuwa maƙwabta. Na taɓa ganin yarjejeniyar da wani matashi mai kai siminti ya kwafo daga intanet, can ƙasa an rubuta duk rigima a Landan za a warware ta bisa dokar Ingila, shi da abokin cinikinsa kuwa duk a Sakkwato suke, ko fasfo ba su da shi. Kuma ba wasan yara ba ne, Najeriya kanta a 2017 masu tahkimi a Landan sun yanka mata dala biliyan 6.6 a rigimarta da kamfanin P&ID, da ruwa ya kai wajen biliyan 11, sai a Oktoban 2023 wata kotun Ingila ta rushe hukuncin don ta gano da ha'inci anka same shi.

Masu hulɗa da Nijar ta Illela da Konni nasu wani karatun ne. Can dokar kasuwanci ta OHADA ke aiki, wadda ƙasashe 17 sunka haɗu a kai, babbar kotunta na Abijan, ba irin tamu da munka gada wurin Ingila ba. Hukuncin kotun Sakkwato ba ya tsallaka iyaka da ƙafarsa. Na tahkimi ya fi sauƙin tsallakawa don Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Niyu Yok ta 1958 kan zartar da hukuncin tahkimi na wata ƙasa, amma wannan na manyan kamfanoni ne. Mai kai gero ya sayo dabbobi, gaskiya maigidan da ke saukar da shi a can shi ne kotunsa, a dai rubuta da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa, da abin da za a yi in an rufe boda kamar yadda anka yi a Agustan 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Kuɗin lauya fa? Hukumar ba da agajin lauya kyauta, bisa dokarta ta 2011, don talakan da samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba anka yi ta, wanda yanzu naira 70,000 ne, ba don kamfani ko ƙungiyar 'yan kasuwa ba. Tun 2023 kuma akwai ƙa'idar da ta sa mafi ƙarancin abin da lauya zai caja. Don haka biya za a yi, zaɓin kawai shi ne yaushe. Ƙungiya mai mutum ɗari in kowa zai ajiye kuɗin shayin sati ɗaya, sun isa a riƙe lauya na shekara ya duba musu takardu kafin a sa hannu, ya tsara musu falle ɗaya da kowa zai riƙa cikewa. A yi ciniki da shi a rubuce shi ma, na aiki gaba ɗaya ne ko na kowane zama, don wanda ake biya kowane zama ba lalle ɗagewa ta ɓata masa rai ba. Kuma a nemi wanda ciniki ne aikinsa, gwanin shari'ar zaɓe ko ta beli ba dole ya iya wagga ba. Duk lauyan da ka gama ba shi labari ya buga tebur ya ce "sai mun ga bayansu" bai tambaye ka ko suna da abin da za a kama ba, ɗauki hularka.

Mu dai ga yadda tamu ta ƙare. Mutum uku sunka shigar da ƙara a madadin sauran, da saƙon muryar nan a ciki. Sammaci na isa daraktan kamfanin da kansa ya kira, wanda wata biyar ba ya ɗaga waya. Anka zauna sau biyu, shugaban 'yan albasa na can ya shiga tsakani, munka yafe wani kaso a matsayin asarar hanya, wanda sai da anka yi kwana uku ana lallashin Alhaji kafin ya haɗiye. Saura biya huɗu, daraktan ya lamunce da kansa, aka kuma sa layin da ya ce in biya ɗaya ya wuce ranarsa duka sauran sun zama na nan take. Lauyoyi sunka kai takardar gaban alƙali ya mai da ta hukuncin yarda, irin wanda ba a ɗaukaka shi sai da izinin kotu. Biya na uku ya yi lattin kwana tara, lauyanmu bai ce komai ba, hoton shafin nan kawai ya ɗauka ya zagaye layin da jan biro ya tura, bayan la'asar alat ya shigo.

Da rani ya zagayo wani sabon mai saye ya taso daga Fatakwal. Na buga falle ɗayan nan na kai wa Alhaji har shago, ya karanta, ya ninke shi huɗu ya sa aljihun gaba, ya ce, "Sakatare, bari shi ci tuwo tukuna, ba a tarbon baƙo da biro."